Ƙusar da Ba Kawu Ya Buga Ba

Ƙusar a karkace take. Abin da na fara lura da shi ke nan da safe, ina wucewa da fayil a hammata. Sabuwa ce, kanta na ƙyalli, kuma wanda ya buga ta ya ɓare fenti a gefenta, garin ya zubo ƙasa ba a share ba.

A kamfaninmu na sabulu akwai doguwar baranda daga ƙofar shiga zuwa ofisoshi. A bangonta na hagu ake rataye hotunan waɗanda suka tsufa a wurin suka tafi. Ba a rubuta dokar a ko'ina ba, amma kowa ya san ta: ba a sa hoton mutum sai ranar da zai bar aiki. A ɗan taru, a sha lemo, a rataye hoton, a yi tafi, mutum ya ɗauki jakarsa. Tsofaffin ma'aikata maƙabarta suke kiran bangon idan manya ba sa kusa.

Hotunan a jere suke, layi ɗaya cif, domin mutum ɗaya ne ya buga ƙusoshin duka: Kawu, yayan mahaifiyata, shugaban sashen gyara. Tun bai yi gemu ba ya shiga kamfanin, yanzu gemun ya yi fari. A gidansa nake zaune tun da na gama jami'a, shi ne kuma ya yi ta sintiri har aka ɗauke ni a ofishin kula da ma'aikata. Kawu ba ya buga ƙusa sai ya ja zare, ya sa alama da fensirin da ke maƙale a kunnensa. Wannan ƙusar kuwa ta haura layin, ta leƙa gefe kamar mai sauraren gulma.

"Shiru, me kika tsaya kallo?"

Akanta ce, mai riƙe da lissafin kuɗin kamfanin. Shiru suke kirana a wurin, ban taɓa musawa ba. Ita da Kawu kaɗai suka rage cikin mutanen farko na tsohon mai kamfani. Ta matso tana haki, ta sauke tabarau kan hanci, ta dubi ƙusar. Sai ta dube ni.

"Ta wa ce?"

"Ban sani ba, Anti."

"Ke da kike zaune a ofishin da ake dafa komai?"

"Wallahi yanzu na gan ta."

"Ku yaran nan masu kwantiragi, wallahinku ma wa'adi gare shi."

Tana cikin maganar Kawu ya shigo, yana ɗan jan ƙafar hagu. Ya tsaya gaban na'urar dangwale da ke bakin ƙofa, ya ɗora babban yatsa. Na'urar ta yi ƙara, ta kunna ja. Ya goge yatsan a riga, ya sake. Ja. Tun da aka kawo ta ba ta taɓa gane shi ba, ƙarfe da sinadari sun cinye zanen yatsunsa. Kullum ni nake shigar da sunansa da hannu a kwamfuta.

Ya iso inda muke. Bai tambayi komai ba. Ya sa yatsa ya taɓa kan ƙusar, ya dubi garin fentin da ke ƙasa.

"Ba ni na buga ba," ya ce.

"Mun gani," in ji Akanta. "Kai ko da ido a rufe ba ka yin wannan aika-aikar. To ni ce ko kai?"

"Da taki ce, ni za a kira in buga."

Akanta ta gyara tabarau. Na ga kafaɗunta sun sauka, na kuma ga ta ji kunyar saukarsu. Ta ce tana da aiki, ta wuce. Kawu ya dube ni, kallo ɗan gajere, irin wanda yake yi wa injin da ya fara wata ƙara da bai saba ji ba. Sannan ya tafi sashensa.

Kamfanin ya sauya hannu bara. Waɗanda suka saye shi ba mu taɓa ganinsu ba, sai saƙonninsu. Suka turo mana sabuwar Manaja, mace mai fara'a da saurin tafiya, wayarta kullum a hannu. Da ita aka zo da na'urar dangwale, da ita aka fara kiran wasu samari masu shuɗin kaya daga wani kamfani idan babban inji ya tsaya. Su zo da kwamfuta ƙarama, su jona, su tafi. Kawu ya koma gyaran famfo, ƙofa, fanka, da duk abin da bai kai a kira samarin ba. Mu kuma sababbi ba wanda aka ɗauka dindindin. Ana sabunta mana takarda bayan 'yan watanni, in an ga dama. Tawa ta kusa ƙarewa.

Kafin azahar labarin ƙusa ya zaga ko'ina. Na shiga ɗakin cin abinci, hira ta mutu. Wata mai naɗe sabulu ta ja kujerarta ta ba ni wuri da ladabin da ba ta taɓa yi mini ba. Na ci abincina ina kallon cokali. Na ji wani a bayana ya ce, "Masu shiru ai sun fi kowa ji." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa.

Da yamma a gida Kawu ya miƙe ƙafa a falo, Inna, matarsa, tana shafa masa man zafi a gwiwa. Warin man ya cika ɗakin, ya haɗu da ƙamshin sabulun da ba ya barin kayansa ko an wanke.

"Yaron maƙwabta ya sake barin aiki," in ji Inna. "Wai ya samu wanda ya fi."

"Na nawa ke nan?" Kawu ya ce. "Mutum kamar ɗan haya. Yau nan, gobe can. In ya mutu wa zai ce namu ne?"

"Matarsa mana."

"Ke dai shafa."

"Ina shafawa. Kamfanin ma ya sauya mai shi, kai kana nan kamar famfon tsakar gida."

"Famfon ne ke ba ku ruwa."

Ya juyo wajena. Ina zaune a ƙasa ina ninke kaya.

"Uwata," ya ce. Haka yake kirana, sunan mahaifiyarsa aka sa mini. "Ku a can sama ba ku jin komai ne?"

"Kamar me, Kawu?"

"Komai. Magana dai."

"Ba a faɗa mini komai ba."

"To."

Ya lumshe ido. Amma da na fita kai kayan na dawo, sai na same shi tsaye, yana bin bangon falo da kallo. Hoton aurensu, hotonsa da tsohon mai kamfani suna musabaha, hoton ranar da na gama jami'a yana riƙe da hular da ya ce ta yi kama da faranti. Dubawa yake ko akwai wanda ya ɓata. Babu. Da ya gan ni sai ya ce ƙura yake dubawa.

Kwana biyu na yi ina haɗa maganar da zan faɗa wa Manaja. A banɗaki na maimaita ta gaban madubi, a hankali, don kada a ji. Da na shiga ofishinta rabin maganar ya gudu.

"Ranki ya daɗe, game da ƙusar baranda ne."

Ta ɗago daga waya, ta yi murmushi har da rufe baki da hannu.

"Kash, an gani? Na ce wa mai gadi ya buga da sassafe. Rufe ƙofar." Na rufe. "Kawunki za mu karrama. Ya fi kowa daɗewa. Hedikwata na son hotuna a shafin kamfani, su nuna muna riƙe mutanenmu. Ba zan sa mutum ya buga ƙusar hotonsa da kansa ba ai, ina daɗin abin?"

"Ranki ya daɗe, bangon nan, ba a sa mutum sai zai tafi."

"Wa ya ce?"

"Haka ake yi. Duk waɗanda ke wurin ranar tafiyarsu aka sa su."

Ta yi dariya, ta jingina da kujera. "Camfi ke nan. Ba wanda ya ce ya tafi. Kin ga wata takarda ta bi ta teburinki?"

"A'a."

"To kin gani."

Na ji numfashina ya dawo. Na fara godiya. Amma ba ta koma kan wayarta ba. Ta tsaya tana juya biro a yatsu, idonta a kan taga, can inda rufin sashen gyara yake.

"Duka ranar tafiyarsu, kika ce?"

"E."

"Hmm." Biron ya tsaya. "Mu dai ba mu kori kowa ba. Amma in shi da kansa ya ga jiki ya gaji, ba za mu tare masa hanya ba. Haƙƙinsa yana nan cif." Ta sake murmushin. "Kada ki ɓata mana shiri. Hoton ma ya iso, ana sa masa gilashi."

"Daga ina aka samu?"

"Daga gida mana." Ta jawo wani fayil, ta ɗan ɗaga shi. "Takardarki na nan, ban manta ba. Bari mu gama wannan hidimar."

Na fito ban san ko na gyara ko na ɓata ba. Shin da gaske ba ta san ma'anar bangon ba sai da na faɗa? Ko ta sani tun farko, ta bar ni in ji kamar ni na sanar da ita? Na yi ta juya fuskarta a raina har aka tashi, ban samu amsa ba. Abu ɗaya ne tabbas. Mu uku ne a gida, kuma ni ban ba da hoto ba.

Na samu Inna a kicin tana yanka albasa. Kawu bai dawo ba, ya tsaya gyaran wata fanka. Na ɗauki wuƙa na tsaya kusa da ita, ina ta juya ta a hannu.

"In magana ce ki yi, in yanka ne ki yanka," ta ce.

"Inna, ke kika ba su hoton?"

Ba ta ko ɗago ba. "Ni ce. Ta kira ni a waya, ta aiko direba."

"Kin san abin da bangon nan yake nufi."

"Na fi ki sani. Tun ba a haife ki ba nake zuwa shan lemon nan."

"To me ya sa?"

Ta ajiye wuƙar, ta goge ido da bayan hannu. Ban sani ba ko albasa ce.

"Watan jiya ya faɗo daga tsani. Kin sani? Ba ki sani ba. Ya ɓoye, ya ce ƙofa ya buge. Ni na ga bayansa. In na ce ya bari, sai ya ce famfo ne shi. In ya zauna har suka kore shi da takarda kamar ɗan jiya, baƙin ciki zai kwantar da shi. Matar nan ta kira ni tana zaƙin baki, na ce to, ga ƙofa an buɗe da tafi da lemo. Ya fita da mutuncinsa, da ƙafafunsa biyu."

"Ni yake zargi."

"Na lura."

"Inna."

"Zai huce. Ke 'yarsa ce, uwarsa ce ma. Ni in ya sani yanzu, zai je ya hana, ya zauna don ya nuna mini." Ta miƙo mini tumatir. "Ba na ce ki yi ƙarya ba. Shirun da kika iya shi za ki yi."

Washegari na bi Kawu zuwa sashensa a lokacin hutu. Ɗaki ne mai duhu-duhu, ko'ina ƙarfe. A bango ya zana siffar kowane abin aiki da fenti, guduma a kan siffar guduma, filaya a kan siffar filaya, don in abu ya ɓata a gani nan take. Yana zaune kan benci yana kwance wani kan famfo.

"Kawu, na tambayi Manaja."

Hannunsa ya tsaya.

"Ta ce ba korarka za a yi ba. Karramawa ce. Ba ta san yadda ake yi a nan ba."

"Ba ta sani ba."

"Haka ta ce."

"Kin faɗa mata?"

"Na faɗa."

"Sai ta ce a cire ƙusar?"

Na sunkuyar da kai.

Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da kwancewa. "Ƙusa ba ta zama ita kaɗai, Uwata. Sai da hoto. Wanda ke katin aikina ba ya kai tafin hannu, ba za a rataye shi ba. Wa ya ba su?"

Na dubi siffar guduma a bango. Na tuna bayansa da ban gani ba, da tsanin da ke jingine a lungu, ƙafarsa ɗaya ɗaure da waya.

"Shi ke nan," ya ce, a hankali. "Ba laifi. Takardarki ta kusa ƙarewa, na sani. Zamaninku ba irin namu ba ne, kowa na kare abincinsa." Ya hura cikin kan famfon, ya duba. "Je ki, kada a neme ki."

Bai sake kirana Uwata ba har ranar taron. A gida yana amsa gaisuwata, ya ce a miƙo masa ruwa, ya ce a rage ƙarar rediyo. Da safe in na'ura ta ƙi yatsansa, ba ya leƙo ofishina ya ce in shigar da shi kamar da. Sai ya wuce kawai. Ni nake leƙawa ta taga in ga shigowarsa, in rubuta.

Ranar taron aka jera tebur a baranda, aka sa kek da kwalaben lemo. An rataye hoton a kan ƙusar, an lulluɓe shi da farin ƙyalle. Ko a lulluɓe ana ganin ya fi sauran tsayi, ya kuma karkata. Ma'aikata suka fito da kayan aikinsu, hula da safar hannu. Inna ta zo cikin kayanta masu kyau, ta tsaya can baya kusa da Akanta. Aka je aka kira Kawu, wai famfon baranda na yoyo. Ya zo da jakar kayan aikinsa, ko da yake na san ya san babu famfo a baranda.

Manaja ta ba wata yarinya wayarta ta ɗauki bidiyo. Ta yi magana mai daɗi. Ta ce a zamanin da mutane ke sauya aiki kamar riga, ga mutum ɗaya da ya tsaya. Ta ce kamfani gida ne. Ta ce suna fatan wasu shekarun tare, in Allah ya ba da lafiya, in kuma jiki ya yarda. Sannan ta ja ƙyallen.

Ban taɓa ganin hoton ba. Wani saurayi ne siriri, gashi cike da kai, cikin sabuwar rigar aiki da ta yi masa yawa, yana tsaye gaban ƙofar kamfanin yana ƙoƙarin kada ya yi dariya. Fensir a kunnensa. A gefen hoton akwai alamar ninki, da wani tabo kamar na turare.

Kawu ya daɗe yana kallo. Hoton nan ba ya bangon falo, ba ya cikin kundin da ke ƙarƙashin talabijin. Daga baya Inna ta faɗa mini shi ne wanda ya ba ta lokacin da yake nemanta, a ƙasan akwatinta yake zaune cikin zannuwa, ba wanda ya san wurin sai su biyu. A lokacin ban san wannan ba. Na dai ga ya juyo ya dube ni, kallon ya sauya, sannan ya ɗaga kai ya nemi Inna a bayan mutane. Ba ta sunkuyar da kai ba. Ta tsaya ta dube shi, jakarta a ƙirji.

Manaja ta fara tafi, sababbi suka bi. Tsofaffi ba su tafa ba. Akanta ce ta fara matsowa, kamar yadda ake yi kullum a gaban bangon nan. Ta tsaya gabansa, idonta ya yi ja.

"Allah ya sa hutu ne mai albarka, tsohon banza," ta ce. "Ka bar ni da yara."

Sai na bayanta ya matso, da na bayansa. "Allah ya ba da lafiya." "A yafe mu." "A riƙa leƙo mu." Na dubi Manaja. Kalma ɗaya za ta ce, layin ya watse. Ta sunkuya tana yanka kek, tana jera shi a faranti da kulawa.

Da layin ya ƙare Kawu ya ajiye jakarsa a ƙasa. Ya ɗaga hoton daga bango, ya miƙa mini in riƙe. Ya ciro filaya, ya zare ƙusar, ya duba ta, ya jefa a aljihu. Ya ciro zare, ya ja daga ƙusar hoton da ke kusa, ya sauke fensir daga kunne ya sa alama. Ya zaɓi wata ƙusa cikin gwangwaninsa. Bugu kaɗan, ta zauna. Ya karɓi hoton a hannuna ya rataye, ya ja da baya, ya matso ya taɓa kusurwa ɗaya. Layi ya daidaita.

"Kun gani?" in ji Manaja, tana dariya. "Ko a ranar karramawarsa aiki yake. Kin ɗauka?" Yarinyar ta ce ta ɗauka.

Kawu ya kwance tarin makullan da ke ƙugunsa, ya ajiye su a tebur kusa da kek, a hankali, don kada su yi ƙara. Mutane sun riga sun juya wajen lemo. Da ya zo wucewa ta gabana ya tsaya. Katin aikina da ke rataye a wuyana ya kife, bayansa ne a waje. Ya sa yatsun nan da na'ura ba ta ganewa, ya juya shi, fuskata ta dawo gaba. Ya ɗan daidaita igiyar.

Ya ɗauki jakarsa. Ya bi barandar yana jan ƙafar hagu, ya wuce hotunan ɗaya bayan ɗaya, ya wuce Inna, ya wuce na'urar bai ɗora yatsa ba. Mai gadi ya buɗe masa ƙaramar ƙofa, ya fita.